Ba Ƙwai, Ba Madara, Ba Suya, Kuma Ya Tashi!

Ya tashi! Wallahi ya tashi, jama'a! Sha ɗaya ta ɗan gota a daren Alhamis, unguwa ta yi tsit, ni kuwa ina durƙushe gaban obin da fitilar waya a hannu, ina leƙe ta gilashin da ya yi gumi, sai na ga zobban nan shida suna kumbura a hankali, suna cika ramukansu, samansu na yin 'yar siririyar tsaga. Ƙwai ko ɗaya babu a ciki. Babu madarar shanu, babu bota, babu kaskon mai a kan wuta. Da na jawo farantin na kife shi a kan faifai, duk shidan suka zubo da kansu, ko ɗaya bai kama ba. Na ɗauki guda da zafinsa na danna da yatsa, ya lotsa ya dawo. Ya dawo! Na zauna daɓas a ƙasan kicin ina ta Alhamdulillahi, hawaye na zuba, don sati uku ke nan ina bin abin nan.

Bari in koma baya, don a san inda hawayen suka samo asali.

Autana shekararsa shida. Yana da wata takwas na ɗan lakato gwaiduwar ƙwai na sa masa a baki, kafin in wanke hannu jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓensa ya kumbura, muka kwasa sai asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ta ce jikinsa ba ya karɓar ƙwai, ba ya karɓar madarar shanu, ta kuma ja mana kunne sosai. Tun daga ranar duk abin da zai shiga bakinsa sai na juya bayan kwali na karanta. Fura ma da kunun aya ake dama masa. Yaro ne mai haƙuri, ya san nasa daban ne, ba ya miƙa hannu a gidan biki. Amma ranar da aka yi hutun ƙarshen zango, wata uwa ta kai wa 'yan ajinsu donat, kowa ya samu, shi kuma ya ci cincin ɗin da na ƙulla masa a leda. Da ya dawo ina cire masa safa, ya dube ni ya ce, "Umma, donat kamar me yake a baki?"

Na kasa amsa masa. Na ce ya je ya wanke hannu.

Na san wata za ta ce ai sai a yi masa fanke, tunda fanke ba ya buƙatar ƙwai. Yana ci, yana kuma so. Amma abin da ya gani zobe ne mai rami a tsakiya, mai laushi, mai ado a kai, kuma donat ɗin da ake sayarwa a gari kusan duka da ƙwai da madara da bota ake kwaɓa shi. Sannan ga maigida, tun bara da jininsa ya hau likita ya ce ya rage soye-soye da zaƙi. Ni kuma ba na son abin da zan ba ɗa in hana uba, ko in ba uba in hana ɗa. Faranti ɗaya nake so a ajiye a tsakar gida, kowa ya sa hannu ba tare da an ce "kai ban da kai" ba.

Gwajin farko na ɗauki kwaɓin kek ɗin da na saba yi, na cire ƙwai, na zuba ruwa a madadin madara, na gasa. Ya fito a kwance, ciki jiƙe-jiƙe, kana taɓawa yana marmashewa. Na biyu na ce bari in bi hanyar lafiya gaba ɗaya, na yi da zallar garin alkama, na kuma buga kwaɓin da ƙarfina kamar mai buga ƙullun ƙosai. Wannan ya fito da nauyi da tauri, sai an yi ta tauna kamar ganda. Na uku na ƙara bekin soda don ya tashi, ya kuwa tashi, amma a baki sai ka ji kamar ka lashi sabulu. Duk a ɓoye nake yi, bayan yara sun yi barci, don ba na son in sa wa yaron rai sannan in ba shi kunya. Daren na ukun nan na daɗe zaune, zuciyata ta yi nauyi ƙwarai.

Washegari na kira ƙanwata da ke karatun kimiyyar abinci a jami'a. Na zayyana mata komai, ta saurara, sai ta ce, "Yaya, kin cire ƙwai amma ba ki ba kowa aikinsa ba." Na ce wane aiki? Ta ce ƙwai a kwaɓi aiki uku yake yi a lokaci guda: yana riƙe gari kada ya watse, yana taimaka masa ya tashi, yana kuma ba shi danshi da maiƙo. In an sallame shi, sai an raba aikin nan ga wasu. Kai! Kamar an kunna mini fitila a ɗaki. Sati biyu ina neman abu guda da zai tsaya a gurbin ƙwai, ashe ma'aikata uku ake nema!

Ita ce ta gaya mini akwai mutane da yawa a duniya da da gangan ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba: nama, kifi, ƙwai, madara, har zuma. Ana ce musu 'yan bigan, kalmar da wani Bature ɗan Ingila mai suna Donald Watson da abokansa suka ƙirƙira a 1944 lokacin da suka kafa ƙungiyarsu. Mu ba 'yan bigan ba ne, ragon layya na nan a gidanmu kowace shekara, amma duk dabarar da suka gano a kicin ta zama tamu, tunda abin da suka bari don ra'ayi shi ɗana ya bari don dole. Ta ce tun kafin su ma, a shekarun matsin tattalin arzikin da ya faɗa wa Amurka daga 1929, da kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da ƙwai da bota da madara suka yi wuya, matan can sun riƙa gasa kek ba ko ɗaya daga cikin ukun, da binega da bekin soda kawai suke tayar da shi. Abu mai tsami ya haɗu da soda, su fitar da iska irin wadda ke tashi in an buɗe lemon kwalba, iskar ta maƙale a cikin kwaɓi, zafi ya zo ya busar da shi a haka, a kumbure.

Inna na zaune a gefe tana tsince shinkafa, ta zo mana kwana biyu daga gida, tana jin duk abin da ake faɗa tunda wayar a buɗe take. Sai ta ɗago ta ce, "To ai wannan tsami da kanwa ne. Me kuke tsammani muke yi da ƙullun masa?" Na dube ta, na dubi wayar. Gaskiya ne mana! Ƙullun masa ya kwana ya yi tsami, a zuba masa ruwan kanwa, ka ga ya yi kumfa ya taso. Alkaki ma haka. Ta ƙara da cewa, "Kuma in kanwa ta fi tsami yawa, ki ji ta a harshe." Ga bayanin sabulun da na lasa daren jiya, daga bakin tsohuwar da ba ta taɓa ganin donat ana yi ba! Na zuba soda ba tare da na ba ta tsamin da za ta ci ba. Ƙanwata ta ce dai a tsaya a kan bekin soda, don kanwa ƙarfinta ba ɗaya ba ne, wata ta fi wata kaifi, ba a iya auna ta daidai a abu ƙarami irin wannan. Inna ta ce ita ba ta musa ba.

Tsamin kuma daga ina? A nan ne abin ya ƙara burge ni. Maƙwabciyata awara take yi ta sayarwa, kullum da asuba ina jin ƙarar injin markaɗe. Na aika da kofi ta ɗebo mini madarar waken suya da ta dahu, kafin ta zuba mata ruwan tsami. Na kawo kicin na matsa lemon tsami babban cokali ɗaya a ciki, na tsaya ina kallo. Minti biyar bai cika ba madarar ta fara kauri, ta yi gudaji-gudaji ƙanana, kamar kindirmon da aka fara burgawa. Farkon awara ke nan, abin da na gani sau ɗari a tukunyar maƙwabciyata ban taɓa kawo shi kusa da kek a raina ba. Waken suya na da furotin mai yawa, shi ne tsami ke kamawa ya dunƙule, kuma wannan furotin ɗin ne ke karɓar wani ɓangare na aikin ƙwai a cikin kwaɓi. Na gwada da kunun aya daga baya, don a zaƙi da ƙamshi ya fi. Bai yi kauri haka ba, donat ɗin ya yi daɗi amma ya fi saurin karyewa. Kunun aya na ajiye shi don ado, zan zo kansa.

Riƙewa da danshi kuwa ayaba da dabino na ba. Ayaba nunanniya, wadda ɓawonta ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, rabi kawai. Da na sa guda cur sai abin ya koma kek ɗin ayaba, ƙamshinta ya danne komai. Dabino kuma na samu busasshe irin wanda ake kawowa daga Agadas, guda goma, na cire ƙwallo, na jiƙa a ruwan zafi minti ashirin har ya saki, na markaɗa a bilenda da ɗan ruwan jiƙon. Ya fito sumul, launin ƙasa-ƙasa, yana sheƙi, in ka ɗebo da cokali yana zuba a hankali kamar maɗi. Na ɗanɗana na rufe ido. Wannan abin da muke buɗe baki da shi duk azumi, ashe zai iya zama sukari, ya zama danshi, ya zama manne, duk a cokali ɗaya. Shi ne kuma ya ba donat ɗin launin nan na kamar an soya, alhali kasko bai gan shi ba.

Farantin gasawar a Kasuwar Sabon Gari na samo shi, wajen masu kayan kek, mai rami shida, kowane rami da ɗan tudu a tsakiya. Kafin in same shi da farantin ƙananan kek nake yi: in naɗe takardar foyil kamar yatsa, in tsayar a tsakiyar kowane rami, in shafa mata mai, in zuba kwaɓi kewaye. Yana yi, sai dai zoben ba ya fita santala-santala. Da can na ɗauka ramin nan kwalliya ce kawai. Akwai wani matuƙin jirgin ruwa ɗan jihar Maine ta Amurka, Hanson Gregory, da ya yi iƙirarin shi ya fara huda tsakiyar donat a 1847, yana saurayi ɗan shekara 16 a cikin jirgi, saboda gefe na soyuwa tsakiya na zama ɗanye. Ko shi ya fara ko wani, dalilin da ya bayar gaskiya ne, na gani da idona. Kwaɓin da ba ƙwai babbar matsalarsa tsakiya ce, nan yake zama jiƙe, nan yake faɗawa. To zobe ba shi da tsakiya! Zafi na shigarsa ta waje da ta ciki lokaci guda, abin da zai ɗauki fiye da rabin awa a farantin kek sai ya gasu a minti goma sha biyu. Ashe siffar da ɗana ya gani ya yi sha'awa, ita ce ta fi dacewa da kwaɓin da jikinsa zai karɓa.

Gwaji na shida ya tashi, ya yi laushi, bai watse ba. Na ci, na ce to, kek ne mai rami. Da daɗi, amma da na ba babbar 'yata a asirce ta tauna ta ce, "Umma, ya yi daɗi, sai dai ba ya ƙamshin donat." Ta yi gaskiya, ni ma na ji, amma na rasa abin da ya ɓace. Na buɗe kwabar kayan ƙamshi ina shinshina ɗaya bayan ɗaya: citta, kanumfari, kirfa, masoro. Da na zo kan gyaɗar ƙamshi na goga ta a jikin magogi na kai hanci, sai na tsaya cak. Shi ne! Ƙamshin nan da ke dukan hancinka in ka wuce gidan burodi da yamma, wanda duk rayuwata na ɗauka na mai ne da sukari, ashe rabinsa gyaɗar ƙamshi ce. Rabin ƙaramin cokali na goga a kwaɓi na bakwai, wanda na gasa daren Alhamis ɗin nan.

Ga yadda na yi shi, kuma na maimaita sau biyar tun daga ranar bai ba ni kunya ba. Kofin da nake nufi na awo ne mai cin mililita 240, ya fi gwangwanin madara girma. A roba ɗaya na tankaɗe fulawa kofi 1 da garin alkama rabin kofi, da bekin foda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, da bekin soda kwatan ƙaramin cokali, da gishiri kwata, da gyaɗar ƙamshi rabi, da kirfa rabi. A wata robar na haɗa madarar waken suya kashi uku cikin huɗu na kofi wadda na riga na matsa wa lemon tsami babban cokali 1 ta huta minti biyar, da markaɗaɗɗen dabino rabin kofi, da rabin ayaba da na dame da cokali mai yatsu, da man gyaɗa babban cokali 3. Na kunna obin tun kafin in fara, ya kai digiri 180, na shafa wa farantin mai da ɗan tsumma mai tsabta, har kan tudun tsakiyar.

Sai haɗawa, kuma a nan ne duk wadda ta saba da ƙosai da fanke za ta riƙe hannunta. Ki juye mai ruwan a kan garin, ki juya da cokali a hankali, da zarar farin gari ya ɓace ki tsaya. Ko da 'yan gudaji, bar su. Alkama na da danƙo a cikinta da ke farkawa in an jiƙa ta an buga, shi ake nema a burodi, shi ne kuma ya mayar da gwajina na biyu ganda. Kada kuma ki bar kwaɓin ya zauna, don tsami da soda sun fara aiki tun daga haɗuwarsu, iskar na fita ko kin shirya ko ba ki shirya ba. Na zuba shi a leda mai kauri, na yanke kusurwa ɗaya da almakashi, na matsa shi kewaye da kowane rami, ban cika ba, na bar kamar kwata a sama. Minti 11 zuwa 13. Ki soka tsinken sakace, in ya fito fes ya yi. Ki bar shi minti biyar a farantin kafin ki kife. Wannan awon na ba ni guda goma sha biyu matsakaita, zubi biyu.

Yanzu a duba man nan. Babban cokali uku a donat goma sha biyu, kowane ɗaya bai samu cikakken ƙaramin cokali ba. Kowane giram na mai na ɗauke da kalori 9, fiye da ninki biyu na abin da ke cikin giram na sukari ko gari, babban cokali ɗaya kuma ya kai kalori 120. Duk wadda ta taɓa suya ta san yadda mai ke raguwa a kasko, ta kuma san ba iska ce ta sha ba. Ta san yadda takarda ke jiƙewa in an ɗora fanke a kai. Ga kuma abin da muke yi saboda tsadar mai, a soya yau, a tace, a soya gobe, a sake jibi, har ya yi duhu ya fara kumfa, mai kuwa duk maimaita masa wuta lalacewa yake ƙara yi. Duk wannan na tsallake shi da faranti ɗaya.

Amma ba zan yaudari kowa ba, don ni ma na so in yaudari kaina ƙanwata ta hana ni. Na ce mata na yi donat marar sukari, ta ce, "A'a Yaya, kin yi donat marar farin sukari." Busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Abin da ya fi farin sukari da shi, yana zuwa da ɓawonsa da tsokarsa masu taimaka wa hanji, da sinadarai irin su fotashiyam, haka garin alkama na zuwa da dusarsa da aka cire daga fulawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, wato wajen giram 50 ga babba, ƙaramin cokali 12 ke nan. Shayin safe da lemon kwalba ɗaya sun isa su cinye wannan. Saboda haka maigida guda ɗaya yake ci, ba ado a kai, mai ciwon sukari kuma sai ya tambayi likitansa kafin ya ɗauka. Haka duk uwar da ɗanta ke da irin lalurar ɗana, ta sani waken suya da gyaɗa da alkama da riɗi su ma akwai yaran da jikinsu ba ya karɓa. Nawa an gwada shi an ce waɗannan ba sa damunsa, shi ya sa na sa. Kowa ta bi abin da aka gaya mata a asibiti.

Wani abu kuma, wanda ya saba da donat na yis, mai saɓi-saɓi da ake ja yana miƙewa, ya san wannan ɗan'uwansa ne, ba shi ba ne. Wannan ya fi kusa da kek, cikinsa lallausa, yana narkewa. Ni dai a bakina yanzu ya fi, don in na ci ba na jin maiƙo ya kwanta mini a maƙogwaro. Yana kuma saurin bushewa, balle da hunturu. Ranar da aka gasa ya fi daɗi, in zai kwana sai a rufe shi ruf a roba mai murfi.

Adon kai kuwa, nan na saki jiki! Na fasa mazarƙwaila 'yar Maƙarfi, na narka ta a ƙaramar wuta da kunun aya mai kauri babban cokali uku, ta yi sheƙi kamar zuma, na tsoma fuskar donat na ɗago, na barbaɗa soyayyen riɗi. Kai, wannan sai wanda ya ci! Na yi wani da ragowar dabino da garin cakulan marar madara, na yayyafa gogaggiyar kwakwa. Sai zoɓo. Na dafa shi da kauri sosai, na dama da ɗan garin sukari, ya ba ni wani jan launi mai haske da ban taɓa samu daga kalar kwalba ba. Daɗin ganin launin ya sa na zuba zoɓon a cikin kwaɓin kansa don in samu jan donat har ciki, sai ya fito wani toka-toka mai ratsin kore. Inna ta leƙo ta ce, "Ba ki taɓa ganin zoɓon da aka sa wa kanwa ba?" Soda ce ta juya masa launi. Zoɓo a kai yake zama, bayan donat ya huce.

Ranar Asabar wuta ta ɗauke ina tsakiyar kwaɓi, ga shi ba ya jira. Na hura gawayi, na ɗauko babbar tukunyar da muke dafa shinkafar biki, na zuba yashi mai tsabta kamar kaurin yatsa biyu, na rufe ta yi zafi, na ɗora murfin tukunya ƙarami a kife a kan yashin, na aza farantin a kai, na rufe, na zuba garwashi kaɗan a kan murfin. Kwaɓin ya ɗan jira fiye da yadda nake so, amma ya tashi. Minti goma sha biyar ya ɗauka, ƙasansa ya fi na obin ja, har da wani ɗan ƙamshin hayaƙi da yaran suka ce sun fi so. Maƙwabciyata mai awara ba ta da obin, ita na fara kira ta zo ta gani.

Amma safiyar Juma'ar nan, washegarin daren Alhamis ɗin da na gasa na bakwai, ita nake son faɗa. Ban yi wani barcin kirki ba. Bayan sallar asuba na yi sabon kwaɓi na gasa zubi na biyu, na yi wa wasu adon mazarƙwaila da riɗi, na jera goma sha biyun a babban tire, na ajiye a kan tabarma a tsakar gida. Yara suka fito ɗaya bayan ɗaya, manyan suka yi ihu suka durƙusa. Shi kuwa autana ya tsaya daga bakin ƙofa da kayan makaranta, ya sa hannayensa a baya kamar yadda ya saba yi a gidan biki.

Na ce, "Zo mana, Auta."

Ya ce, "Umma, ina nawa?"

Na ce, "Duka naka ne. Ɗauki wanda kake so."

Ya dubi babansa. Babansa ya miƙa hannu ya ɗauki wanda ba ado, ya ce, "Bismillah, ni da kai yau kwano ɗaya." Yaron ya matso a hankali, ya tsuguna, ya daɗe yana zaɓe, sannan ya ɗauki wanda riɗinsa ya fi yawa. Bai kai baki nan da nan ba. Ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya, ya leƙo ni ta ramin. Sannan ya gatsa, mazarƙwaila ta shafe masa hanci, yana tauna yana kallon ƙasa, mu duka mun yi shiru muna kallonsa. Da ya haɗiye ya ce, "Umma, a sa mini biyu a jaka. Ɗaya na abokina ne."